Madubin Kwagiri da Haƙƙinsa a Kan Mai Shi

Duk wanda ya lura da yadda ake ƙawata ɗakuna a wannan zamani, zai ga cewa madubin nan mai da'ira, wanda saƙar kwagiri ta kewaye shi ta bazu kamar tsirkiyar rana, ya sake hawa bango bayan an daɗe da mancewa da shi. Ni a ganina dawowar tasa alheri ce, muddin mai saye ya san abin da yake saye, ya kuma san haƙƙin da ya rataya a wuyansa.

Shi kwagiri dangin dabino da kwakwa ne, sai dai ba ya iya tsayuwa da kansa, da ƙayoyinsa yake kama manyan itatuwan kurmi ya hau. Kuma saɓanin gora, cikinsa a cike yake, wannan ne dalilin da ya sa idan aka turara shi yakan lanƙwasu yadda masaƙi ya so, in ya bushe kuma ya riƙe siffar shekaru aru-aru. Galibinsa daga Indunusiya yake fitowa, inda garin Cirebon ya shahara da sana'arsa, har hukumar ƙasar ta hana fitar da ɗanyensa a ƙarshen shekarar 2011, domin ribar aikin ta tsaya a hannun masaƙanta. Amma madubin da ake nema ruwa a jallo a yau, a Faransa da Italiya da Sifen ya yi tashe tsakanin 1950 da 1970, zamanin da gwanaye irin su Franco Albini na Italiya suka ɗaukaka kwagiri har ya shiga gidajen masu hali.

Malamanmu ba su taɓa haramta ado ba, israfi da alfahari suka zarga. Wannan madubi kuwa babu surar mai rai a jikinsa balle a yi saɓani a kansa, kuma ba baƙo ba ne ga idon da ya saba ganin faya-fayai masu launi a jeren ɗakin amarya. Abin da nake ƙi shi ne kwaikwayon roba da ya cika kasuwa, wanda ba ya jure zafi, ba ya karɓar gyara, ƙarshensa juji. Haka nan tsawwala kuɗi da wasu dillalai ke yi da sunan tsufa ba tare da hujja ba, alhali tsoho na haƙiƙa ana gane shi da launinsa da ya koma na zuma, da ɗaurin hannu wanda ba ya zama daidai wa daida.

Wanda Allah ya hore masa irinsa, wajibi ne ya nisanta shi daga rana, ya riƙa goge shi da tsumma mai ɗan laima, musamman lokacin hunturu da bushewar iska ke tsaga shi, idan ɗauri ya kwance kuma ya kai wa masaƙi, kada ya yar. Wanda bai samu tsoho ba, ya sani kwagiri na tsirowa a kurmin Kuros Riba da na Kamaru, kuma masu saƙarsa suna nan a unguwar Maryland ta Legas. Jama'a, mu sayi na hannu, mu biya masaƙi haƙƙinsa cikakke, mu kuma adana abin da muka saya domin 'ya'yanmu su gada.