Ko fasahar zamani za ta jawo hankalin ɗaliban jami'a ga karatu?

A jami'o'in gwamnati da dama a Nijeriya, ba sabon abu ba ne a tarar da ɗaruruwan ɗalibai sun cunkushe a zauren lacca guda, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, malami yana karanto darasi, ba mai tambaya, ba mai amsawa.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumomin ilimi ke ƙara karkata ga na'ura mai ƙwaƙwalwa da intanet, da fatan ɗalibi zai riƙa sa baki a darasi maimakon zaman kwafar rubutu.

Yunƙurin dai ba yau aka fara shi ba. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, a shekarar 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, kafin gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Hukumar JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015.

To amma annobar korona ce ta tona asirin tsarin. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da darussa ta intanet, yayin da na gwamnati suka tsaya cik, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU da ya kai har watan Disamba.

A 2023 asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya ƙaddamar da wani dandali mai suna TERAS, wanda ya ƙunshi manhajar Blackboard ta koyarwa da bayar da aikin gida.

Abin da bincike ya nuna

Sai dai abin da aka gani a wasu ƙasashe ya nuna cewa na'ura ita kaɗai ba ta riƙe ɗalibi. Wani nazari da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2019 ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi rajistar darussan jami'o'in MIT da Harvard a dandalin edX a zangon 2017 zuwa 2018 suka kammala su.

A ɗaya ɓangaren kuma, wani nazarin na 2014, wanda ya tattara sakamakon bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniya, ya nuna cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa inda malami ne kaɗai ke magana, amma adadin ya sauko zuwa kashi 22 inda ake sa ɗalibai tattaunawa da warware matsaloli a aji.

Tun farkon shekarun 1990 Farfesa Eric Mazur na Harvard ya fito da wata dabara: ya jefa tambaya, kowane ɗalibi ya zaɓi amsa, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. A yau ana iya yin haka da wayar salula ko da a zaure mai mutum ɗari biyar, kuma nan take malami zai ga inda aka kasa fahimta. Ɗaliba mai jin nauyin ɗaga hannu a cikin taro ma ta samu hanyar bayar da amsa.

Wuta da kuɗin data

Babban cikas a Nijeriya shi ne wutar lantarki. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar wuta mai amfani da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7.1, a 2019, amma bayan ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024 jami'o'i da dama sun koka cewa biyan kuɗin na neman ya fi ƙarfinsu.

A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, nauyin da ya sauka kan iyaye.

Ga kuma matsalar tsaro. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumbar 2021, duk ɗalibin da ke can mai dogaro da intanet ya rasa hanyar darasi.

Haɗarin da ke nan shi ne, idan aka mayar da darussa kan intanet ba tare da tanadi ba, ɗan mai hali a birni zai ƙara yin gaba, ɗan manomi a ƙauye kuma a bar shi a baya.

Bayyanar manhajar ChatGPT a ƙarshen 2022 ta ƙara wa malamai wani aikin, domin yanzu ɗalibi na iya miƙa aikin gida da bai rubuta da kansa ba. Hakan ya ƙara wa tattaunawar ido da ido a aji daraja.

Abin jira a gani shi ne ko gwamnati da jami'o'in za su kashe kuɗi wajen horar da malamai da rage cunkoson azuzuwa kamar yadda suke kashewa wajen sayen na'urori.