Ƙarfin Da Ba A Yi Wa Gumi Ba

Tun fitowar fim ɗin The Force Awakens a 2015 ake ta ja-in-ja a kan jarumarsa, Rey. Yarinya ce mai tsintar tarkacen jirage a hamada, ba ta taɓa zama gaban malami ba, amma kafin fim ya ƙare ta kayar da Kylo Ren, wanda ya yi shekaru yana koyon yaƙi. Masu kare ta sun ce yana ɗauke da rauni a lokacin, kuma wasu masu sukar ƙyashi ke damun su don mace ce. Akwai gaskiya a nan, amma ba ta kashe maganar ba.

A ganina, manomin Funtuwa ko Malumfashi zai raba wannan gardama cikin sauƙi. A da, kafin mutum ya amsa sunan sarkin noma na haƙiƙa, sai ya tara dami dubu, jama'a sun ƙirga da idonsu. Kafin ranar ƙirga kuwa sun gan shi a sharar gona, sun gan shi a firi da maimai, sun san shekarar da fari ya karya shi ya sake tashi. Wahalar da aka shaida ita ke sa kirari ya zauna.

Haka aka gina Luke Skywalker. A fim ɗin 1980 ya bar karatu wajen Yoda bai sauke ba, ya tunkari Darth Vader, ya sha kashi har ya rasa hannu. Ɗan gado ne, amma gadon bai hana shi faɗuwa ba. Ita kuwa Rey, da tambaya ta yi yawa, sai a 2019 aka ce ai jikar Palpatine ce. An nemi a ga gumi, suka kawo takardar gado.

Wannan ne ya dame ni, domin matasanmu na Bakori da Ƙafur suna kallon irin waɗannan finafinai a wayoyinsu, a ƙasar da "ɗan wane ne" ya riga ya zama shaidar cancanta wajen neman aiki da muƙami. Ba su bukatar fim ya ƙara tabbatar musu da haka.

Alhali masu Black Panther na 2018 sun nuna ana iyawa. T'Challa ɗan sarki ne, amma kafin ya hau karaga sai da aka zare masa ƙarfin da ganyen tsafi ya ba shi, ya shiga fage kamar kowa. Ya ci karon farko da ƙyar; a na biyu Killmonger ya jefa shi ƙasa daga kan dutse.