RA'AYINMU: Jarumi Muke Kallo Ko Labari?

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi da daddare, ko ya leƙa wani ofis a sakatariya da hantsi, ko ya ratsa ɗakin kwanan ɗalibai bayan sallar isha'i, ya san irin gardamar da takan tashi da zarar an ambaci fim ɗin da aka gani a wannan mako. Wannan ya ce Ali Nuhu ba shi da na biyu, wancan ya ce Adam A. Zango ya fi shi shiga rai. Wata ta ce ita Hadiza Gabon ce gwanarta, wata ta ce in ba Rahama Sadau ba sai rijiya. Wannan gardama ta wuce Gusau, ta kai Tsafe da Bunguɗu, ta kai har garuruwan manoma irin su Kekun Waje, inda wayar hannu ta zama majigin kowane saurayi.

Mu a ra'ayinmu babu laifi kowa ya yi gwaninsa. Abin da ya dame mu shi ne, galibin wannan hira a kan fuskar ɗan wasa take farawa, a kanta kuma take ƙarewa: wa ya fi kyau, wa ya fi sutura, wa ya saɓa da wa. Da wuya ka ji an tambayi abin da fim ɗin ya ce, balle a auna ko gaskiya ya faɗa. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin abin da 'yan kallo suka yaba yau, shi za a sake dafa musu gobe.

Son 'yan wasa tsohon abu ne a ƙasar nan. Tun zamanin da motar majigi take zagaya garuruwa, da lokacin da gidajen sinima suke cika don finafinan Indiya, Bahaushe yake da gwanayensa, har da laƙabin da ya raɗa musu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Amma a lura, waɗannan sunaye daga aikin da mutum yake yi a cikin fim suka fito. Haka yake ga namu na gida. Mutane da yawa ba su san sunan Usman Baba Pategi ba sai da ya rasu a 2023, Samanja Mazan Fama suka sani. Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, Ibro ya shafe sunansa na yanka. Marigayi Ƙasimu Yero da ire-irensa sun shiga zukatan jama'a ne saboda in suka hau matsayi sai ka manta wasa ake yi. Watau a wancan lokaci gwaninta ita ce ɗan wasa ya ɓace a cikin matsayinsa. Yau kuwa sau da yawa matsayin ne yake ɓacewa, jarumi ya fito da sunansa da tufafinsa da takunsa, daga wannan fim zuwa wancan, ba abin da ya sauya sai sunan budurwa.

Domin a gane dalilin da ya sa bakin ɗan kallo yake da nauyi, sai a dubi yadda wannan sana'a take cin abinci. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, kuɗin masu sayen kaset ne suka raine ta. Saboda haka duk abin da kasuwa ta karɓa, shi ake maimaitawa. Da Sangaya ya samu karɓuwa da waƙoƙinsa, sai rawa da waƙa suka mamaye kusan kowane fim na shekarun da suka biyo baya, ko labarin yana bukatarsu ko ba ya bukata.

Daga baya masu satar fasaha da wayar hannu suka durƙusar da cinikin faifai. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga 2020 kuma, da fitowar Izzar So da Labarina, sai hankali ya koma YouTube, inda kuɗin talla yake bin yawan waɗanda suka kalla. Ma'anar wannan ita ce, kowane kallo ƙuri'a ne. In an ga fuskar wane ce take jawo jama'a, ita za a sa a gaba ko da babu labari. In an ga gori da zagi tsakanin kishiyoyi ne ake yaɗawa, za a ƙara su. Labarin da ya kamata ya ƙare a kashi goma sai a ja shi zango bayan zango, har marubucin kansa ya manta inda ya dosa. A karkara ma haka ne: mai shagon tura finafinai a waya abin da aka fi tambaya yake ajiyewa, kuma da sunan jarumi ake tambaya.

Abin da ya faru da Labarina ya isa misali. A 2022, bayan Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Gardama ta kaure a ko'ina kan wadda ta fi dacewa, wasu har suna cewa sun daina kallo. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi ko halin Sumayya da aka gina tun farko shi ne ya ci gaba, ko kuwa labarin ya karkace. Ga shi kuwa wannan ita ce tambayar da za ta amfani mai shirin.

Wasu za su ce gyaran fim aikin hukuma ne. Hukuma tana da nata, ba mu musa ba, amma tarihi ya nuna iyakar abin da take iyawa. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, an rufe gidajen sinima a Jihar Zamfara. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sa'an nan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2016 aka janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji saboda adawar da ya gamu da ita. A watan Mayu na 2025 hukumar tacewa ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, a kan batun kawo su a duba kafin a saki. Ko a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, kallo bai tsaya ba, domin fim yana tafiya daga waya zuwa waya ba tare da layi ba. Hukuma tana iya tare mummunan fim a bakin ƙofa, amma ba ta iya haifar da kyakkyawa. Wannan sai 'yan kallo masu neman abu mai kyau, waɗanda suka san shi in sun gan shi.

Saboda haka muke kira ga masu karatunmu, musamman ma'aikata da ɗalibai, waɗanda ake saurarensu in sun yi magana a majalisa, da su riƙa shigar da tambayoyi huɗu cikin wannan hira.

Ta farko, labarin ya tsaya da ƙafarsa? Abin da ya faru a ƙarshe daga halayen mutanen cikinsa ya taso, ko kuwa hatsarin mota da gadon da ba a zata ba aka kawo don a huta?

Ta biyu, wa ya yi aikin? Ɗan wasa baki ne, amma maganar ta marubuci ce, tsarin kuma na darakta. Wanda yake son Labarina ya kamata ya san Aminu Saira, mai dariya da Gidan Badamasi ya san Falalu Ɗorayi, kowa kuma ya saba da karanta sunan marubuci kafin ya wuce. Muddin ba a ambaton marubuta, ba za a biya su da daraja ba, in kuwa ba a biya su ba, labari ba zai gyaru ba.

Ta uku, wace Hausa aka yi, kuma a bakin wa aka sa ta? Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sau da yawa in ka ji "munka" da "sunka" da "mi kaka so" a fim, to a bakin mai gadi ne, ko 'yar aiki, ko wani baƙauye da aka kawo don a yi masa dariya. Alhali da wannan harshe Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i har yau. Yaron da ya taso a Kekun Waje yana ganin ana dariyar maganar uwarsa kowane dare, ranar da ya shiga makaranta a birni kunyar buɗe baki zai ji. Wanda ya yi dariya ya yaba, da hannunsa a cikin wannan ɓarna.

Ta huɗu, rayuwar wa aka nuna? Mafi yawan masu jin Hausa da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke rayuwa, amma mafi yawan finafinanmu a falon attajiri suke farawa. Manomin ƙasar Bunguɗu ko Tsafe, wanda a shekarun nan yakan yi shuka bai tabbata zai girbe ba saboda 'yan bindiga, bai ga kansa a ciki ba. Malamin makaranta da albashinsa yake ƙarewa kafin tsakiyar wata bai ga kansa ba. Abin da saurayi yake gani shi ne mota da bene da kuɗin da ba a nuna inda suka fito ba, sa'an nan a yi mamaki in ya raina garma.

Kada a ce babu labari. Ga 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, tsohon garin malamai. Ga dutsen Kwatarkwashi da tarihinsa. Ga Sarauniya 'Yargoje, ga faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a ƙarni na 18. Ga isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929, da tashin masaƙar Gusau da durƙushewarta. Ga gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010. Kada kuma a ce irin wannan ba ya yiwuwa. Tun a 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 2020 Nijeriya ta aika da The Milkmaid, labarin wasu 'yan'uwa mata masu tallar nono da rikicin 'yan tayar da ƙayar baya ya rutsa da su, zuwa gasar Oscar ta Amurka, kuma Maryam Booth ta ci lambar yabo ta Afirka da rawar da ta taka a ciki. A 2024 aka sake aikawa da Mai Martaba, labarin rikicin gadon sarauta. Duka biyun da Hausa aka yi su. Abin tambaya shi ne, mu nawa ne muka neme su muka kalla, kuma sau nawa sunansu ya fito a hirarmu?

Shawararmu ga ɗalibai ita ce, ƙungiyoyin Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin ilmi na Gusau da Maru da makarantun sakandare su ware zama don nazarin fim, kamar yadda ake nazarin littafi: a kalla tare, a tattauna jigo da zubi da harshe, a rubuta sharhi a aika wa jaridu da gidajen rediyo. Wanda ya iya warware Ruwan Bagaja a ɗakin jarrabawa, bai kamata fim ya gagare shi ba.

Ga ma'aikata kuwa, magana biyu ce. Lokacin ofis na jama'a ne, bai dace mai neman sa hannu ya yi ta tsayuwa a bakin tebur har a gama kashin jiya ba. Sa'an nan a gida, uba da uwa su zauna su ga abin da yara suke kallo, su tambaye su abin da suka fahimta, maimakon su miƙa waya don a bar su su huta.

Gwamnati ma tana iya taimakawa ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba. Gasar rubuta labarin fim a kan tarihi da rayuwar jihar nan, da fili na mako-mako a gidan rediyon jiha don sharhin finafinai, za su yi amfani. A watan Janairu na 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos, wanda ya nuna cewa sana'ar ta kai inda ake damawa da ita. Sauran aiki shi ne ta waiwayi mutanen da suka ɗauke ta a ka tun tana ƙarama.

Masu yin fim 'ya'yanmu ne, kuma suna sauraro, domin abincinsu a hannun 'yan kallo yake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In an tambaye ka gwaninka a majalisa yau da dare, faɗe shi ba tare da jin kunya ba, amma ka ƙara da fim ɗin da ya burge ka a ciki, da wurin da ya burge ka, da dalili. In kuma ya yi wanda bai yi kyau ba, kada so ya hana ka ganin laifi. Allah ya sa mu gyara.