Ɗan Ƙwadago Ya Fi Arha, Sai Ranar Yankan Riɗi

Mai karatu, in kana da gonar riɗi a Gagarawa Tasha ko Sule Tankarkar, ka san lissafin da kowa ke yi: me zai sa in riƙe yaro shekara guda ina ci da shi, alhali aikin gona na 'yan watanni ne? Sai a kira 'yan ƙwadago, a yi jinga, a biya, kowa ya kama gabansa. Lissafin ba ƙarya ba ne. Da rani ba ka biyan kowa, in damina ta yi gardama kuma babu albashi a wuyanka.

Amma jira kaka. Riɗi ba ya jiran mai shi. Da zarar ganye ya fara rawaya dole a yanke, a ɗaure, a jingine ya bushe. In ka makara, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa, tururuwa ta gode. Kuma gonarka da ta maƙwabcinka lokaci ɗaya suke nuna. Yaran da kuka yi magana jiya, wani ya ƙara musu kuɗi da asuba, sun tafi. Ba ka da bakin cewa sun ci amana, domin kai ma ba ka yi musu alkawarin gobe ba. Ranar Alhamis kuwa kada ka sa rai sosai: kasuwar Maigatari na ci, dako da lodi na biya nan take.

Akwai asarar da ba ta fitowa a lissafi. Mai jinga sauri yake yi, tunda aikin aka saya, ba yininsa ba. Ya kaɗe riɗi a kan yagaggen tamfol, yashi ya shiga, dillali ya rage maka farashi. Baɗi kuma sabon hannu ne, ka sake koyarwa daga farko.

Masu dogaro da 'yan ci-rani daga Nijar ma su tuna: an rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023.

Ni dai, da gonar tawa ce, mutum biyu zan riƙe tun daga shuka, in ba su wani abu na kafin alƙalami a gaban shaidu, in biya su ranar da aka ce ba tare da “dawo gobe” ba. Sauran hannuwan su za su nemo mini, domin sun fi ni sanin wanda ke yanka da kyau.