Kada Ki Wanke Shaidar 'Yarki

Maganar da na zo da ita yau mai nauyi ce a baki, amma shirun da muke yi bai hana ta faruwa ba.

Bara wata yarinya 'yar shekara 10 a ajina ta yi kwana biyar ba ta zo makaranta ba. Da na bi sawu, uwarta ta ja ni ɗaki tana kuka, ta ce wani maƙwabcinsu ne ya yi wa yarinyar fyaɗe. Na ce ina kayan da ke jikinta ranar? Ta ce ta wanke. An kai ta asibiti? Ta ce a'a, ruwan zafi ta gasa ta da shi, don kada unguwa ta ji. Ban ga laifin uwar nan ba, tausayi ne da kunya. Amma da hannunta ta wanke abin da alƙali zai nema.

Ki sani, 'yar'uwa, kotu ba ta hukunci da hawaye. Mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi har kokwanto ya kau, in ya kasa a sallami mutum ko da duk gari ya san shi ne. Daɗin daɗawa, Dokar Shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi. Ana sauraronsa, amma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai an sami wani abu da ya ƙarfafa ta. To mene ne wannan abu? Takardar likita, tufafin da suka yage ko suka ɓaci da jini, mutumin da ya ga an ja ta zuwa kango. Mai wannan ɗanyen aiki ba ya gayyatar 'yan kallo, saboda haka yawanci jikin yarinyar da zanenta su ne shaidunta.

Ni a ganina wannan sharaɗi ya yi wa yara tsauri. Kullum ina cikinsu, na san ƙaryar yaro ba ta wuce ta alli da kuɗin tara. Sai dai dokar ta gyara wani abu guda. A da lauya yana da damar tona asirin mace a gaban jama'a, ya nuna wai dama ba ta da kamun kai. Yanzu ba ya tambayarta mu'amalarta da wasu maza sai da izinin kotu.

A 2020 Jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙe wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, muka yi ta murna. Amma wa za a dandaƙe in ba a tabbatar da laifin ba?

Saboda haka in Allah ya jarrabce ki, kada ki yi mata wanka, kada ki wanke kayanta. Ki naɗe su a takarda mai tsabta, ki kai ta asibiti a ranar, don maganin kariya daga ƙanjamau ma ba ya amfani in an wuce awa 72. Daga nan sai wurin 'yan sanda. Dattawa za su zo da maganar sulhu da rufin asiri, ki ce su jira takardar likita tukuna.

Ita kuwa ɗalibata ta dawo aji, tana zaune a kujerar baya. Mutumin yana nan yana tsare shagonsa, ta gabansa take wucewa kowace safiya.