A Bar Wa Zakaran Ƙauye Kujerarsa

Kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, sanyi ya fara sauka a arewacin Amurka, sai wata tsohuwar gardama ta farka tsakanin magoya bayan ƙananan kwalejojin ƙasar. Gardamar ƙwallo ce, amma kada mai karatu ya zaci irin tamu ce da ake bugawa da ƙafa. Tasu mai siffar ƙwai ce, rungumarta ake yi a sheƙa da gudu, ko a jefa ta da hannu, samari 11 suna kokawar tare wasu 11, kowa da hular kwano a kansa. Abin da ake ta da jijiyar wuya a kai abu biyu ne: wa ya cancanci lambar gwarzon shekara a rukuninsa, kuma waɗanne kwalejoji za a ba kujera a gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙasa baki ɗaya. Mun ga ya kamata mu tsoma baki, domin a ƙarƙashin wannan cacar baki akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa zama ɗalibi, watau shin wasa a makaranta na kowa ne, ko kuwa na masu ƙarfi ne kaɗai?

Ga yadda tsarin yake. A 1973 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA, ta raba makarantunta mataki uku. Mataki na Uku shi ne na waɗanda ba sa ba ɗalibi sukolashif don ya yi musu wasa. Yaro shi zai nemo kuɗin karatunsa, ya shiga aji da safe, ya je fili da la'asar. Kwalejoji wajen 240 ne ke buga ƙwallo a wannan mataki, an kasa su rukuni-rukuni, galibi maƙwabta takwas ko goma a kowanne, kuma yawancinsu wasa goma suke yi a kaka. Gasar ƙasa ta soma da ƙungiyoyi 4 a 1973, ta koma 8 a 1975, 16 a 1985, 28 a 1999, 32 a 2005, sa'an nan 40 a 2024. Tun daga 1999 aka kafa ƙa'idar da muka zo karewa a yau: duk wanda ya zama zakaran rukuninsa, muddin rukunin ya cika sharuɗɗan hukuma, to, yana da kujera, ba sai ya roƙi kowa ba. Abin da ya ragu shi ake raba wa waɗanda suka yi ƙoƙari amma ba su zo na ɗaya ba. A 2023 kujeru 28 zakaru suka kwashe, 4 kacal suka rage. A 2024 ragowar ta kai 12.

Masu sukar wannan ƙa'ida ba wawaye ba ne, kuma ba za mu yi musu ƙarya ba. Cewa suke yi rukuni ba ɗaya yake da rukuni ba. A jihar Wiskonsin, alal misali, akwai rukunin jami'o'in gwamnati wanda na uku a cikinsa zai iya lallasa zakarun wasu rukunai da dama, amma sau da yawa yana zaune a gida yana kallo, alhali an ɗauko zakaran wani rukuni marar ƙarfi an kai shi gaban wani ƙato an yi masa cin kaca a zagayen farko. Wannan gaskiya ne, an sha gani. Don haka, in ji su, a soke gatan zakaru, a jera ƙungiyoyi bisa ga ƙarfi, a ɗebi 40 na sama, wanda ya faɗi ƙasa ya yi kuka da kansa.

To, mu tambaye su: wane kofi ne aka taɓa ƙwace wa mai shi saboda wannan ƙa'ida? Daga 2005 zuwa 2015, shekara 11 cur, kwalejoji biyu ne kaɗai suka riƙa karɓe-karɓen kofin ƙasa, watau Mount Union ta jihar Ohayo da Whitewater ta Wiskonsin. Sau tara suka haɗu a wasan ƙarshe cikin shekara goma. Mount Union ta ɗauki kofin sau 13 tsakanin 1993 da 2017, ta kuma taɓa cin wasa 55 a jere ba tare da an kayar da ita ba. A duk tsawon waɗannan shekaru magoya baya na can suna zage-zage a kan wanda za a ba kujera ta 31 da ta 32, sai ka ce sarauta ce za a naɗa. Haba jama'a! Wanda ya kasa zama na ɗaya a cikin maƙwabtansa takwas, da wane baki zai ce an hana shi zama na ɗaya a cikin 240? An ba shi damarsa a fili, a gaban jama'a, ranar Asabar, ya zubar. Ba zakaran wani ƙauye can ne ya zubar masa ba.

Kuma wai a ɗebi mafiya ƙarfi. Wa zai auna ƙarfin? Ƙungiyoyin nan wasa goma suke yi, mafi yawansu da 'yan rukuninsu, don haka kwalejin da ke Oregon da wadda ke Niyok suna iya yin shekara 20 ba su taɓa haɗuwa ba. Da can kwamiti ne ke zama ya zaɓa, ana zaginsa da son kai. Daga 2024 aka miƙa aikin ga lissafin kwamfuta, wanda ke duba yawan nasarar ƙungiya da ƙarfin abokan karawarta, sai zagin ya koma kan na'ura. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ko mutum ko na'ura, duk kirdado suke yi da abin da ya wuce, kuma kirdado ya sha jin kunya. Shekara da shekaru ana raina ƙungiyoyin gabashin ƙasar, tun da rabon da wata kwalejin jihar Niyok ta ɗauki kofi tun Ithaca a 1991. Sai ga Cortland a 2023, zakaran rukuninta, ta je wasan ƙarshe ta kayar da North Central mai riƙe da kofi da maki 38 da 37. Da ra'ayin masana ake bi, da ba a ma wahalar da kai an buga wasan ba.

In zalunci ake nema a wannan gasa, ga shi can a wani wuri ba a cika kula shi ba. Mataki na Uku kashi 3.18 cikin 100 kawai yake samu daga kuɗin shigar NCAA, don haka masu tsara gasa sukan haɗa maƙwabta da juna a zagayen farko don gudun biyan kuɗin jirgin sama. Sakamakon haka ƙungiyoyi masu ƙarfi na Tekzas da na yammacin ƙasar sun sha cinye juna da wuri, ba don komai ba sai don motar safa ta fi jirgi araha. Wannan shi ya cancanci a yi masa ihu.

Ba mu ce raunana waliyyai ba ne. A 2017 St. Thomas ta jihar Minesota ta ci St. Olaf 97 da nema, abin da ko a wasan yara ba tarbiyya ba ne. Amma maganin da shugabannin rukunin suka samo ya fi cutar muni: a 2019 aka sanar da fitar da St. Thomas daga rukunin da tana cikin waɗanda suka kafa shi tun 1920, dalili kuwa wai ta fi ƙarfin sauran, har ta ƙarasa Mataki na Ɗaya a 2021. Korar mai ƙarfi don ya yi ƙarfi da rufe wa mai rauni ƙofa don ya yi rauni, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kowannensu so yake a yanke hukunci a ɗakin taro maimakon a fili.

Batun lambobin yabo kuwa, a nan ne magoya baya suka fi ba mu dariya. Lambobin rukuni galibi masu horar da ƙungiyoyin rukunin ne ke jefa ƙuri'a a kansu, mutanen da suka kwana suna nazarin yadda za su tare yaron, suka kuma ga abin da ya yi musu. Amma sai ka ji wanda bai taɓa ganin yaron ba ya zaro takarda yana karanto yawan yadin da ya jefa, yana rantsuwa an yi maguɗi. Ya manta cewa gwanin babbar ƙungiya sau da yawa akan zaunar da shi tun rabin lokaci don an riga an gama da abokan karawa, shi kuwa gwanin ƙungiyar da ake ci kullum dole ya yi ta jifa har a tashi. Ya kuma manta da ƙartin da ke layin gaba, waɗanda ke shan duka don mai jifa ya sami sarari, ba su da wani adadi da za a karanto. Babbar lambar wannan mataki, wadda aka fara bayarwa a 1993, tana ɗauke da sunan John Gagliardi ne, mai horar da St. John's ta Minesota daga 1953 zuwa 2012, wanda ya ci wasa 489 a rayuwarsa, fiye da kowane koci a tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka. Mutumin nan ba ya busa usur a wurin atisaye, ba ya barin yaransa su kayar da juna a lokacin horo, kuma shi ne ya datse wa Mount Union nasarorin nan 55 a wasan ƙarshe na 2003. Sharuɗɗan lambarsa uku ne: wasa, da karatu, da hidimar jama'a. Sau nawa muka ji masu gardama sun tambayi abin da ɗan takararsu ya ci a jarrabawa?

A 2015 wanda ya karɓi wannan lamba shi ne Joe Callahan na Kwalejin Wesley da ke Dover a jihar Delaware, bayan ya jefa fiye da yadi 5,000 a kaka ɗaya. Wesley ba ƙaramar ƙungiya ba ce a fili, ta sha zuwa gasar ƙasa tana razana manya. Shekara shida bayan haka, a 2021, kwalejin ta kasa riƙe kanta, jami'ar jihar ta haɗiye ta, ƙungiyar ta watse. MacMurray ta Ilinoi ta rufe a 2020, Finlandia ta Mishigan a 2023, Birmingham-Southern ta Alabama a 2024, kuma dukansu suna da ƙungiyar ƙwallo a wannan mataki. Ga kwalejin da ɗalibanta ba su fi 1,000 ba, samari 100 da suka zo don su sa rigar ƙwallo suna kuma biyan kuɗin makaranta ba abin wasa ba ne; albashin malamai ne, wutar ɗakin karatu ce. Abin da mai horarwa na irin wannan kwaleji zai iya faɗa wa yaro da iyayensa, ba tare da ya yi ƙarya ba, shi ne: in muka ci maƙwabtanmu za mu je gasar ƙasa. Masu son a ɗebi 40 na sama wannan kalma ɗaya suke so a ƙwace daga bakinsa, don na uku ko na huɗu a wani babban rukuni ya sami ƙarin Asabar ɗaya. An riga an ninka musu kujeru daga 4 zuwa 12 cikin shekara guda. Idan har a cikin waɗannan kujeru ba su sami wurin zama ba, to, su koma gida su ci maƙwabtansu baɗi.