Kuɗin Bincike: A Bar Ƙofa a Buɗe ga Baƙo



Da wuya a sami ikilisiya a cikinmu da ba ta taɓa jana'izar yaro mai ciwon sikila ba, gama Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi. Shi ya sa yadda ake rabon kuɗin binciken magani a Amurka ya shafe mu. Hukumar lafiyarsu ta NIH ta fi kowace hukumar gwamnati a duniya zuba kuɗi a wannan aiki.

A 2011 mujallar Science ta buga wani bincike da ya nuna cewa masana baƙar fata ba sa samun tallafin NIH kamar fararen fata. Ko da iliminsu da ƙwarewarsu ɗaya ne, tazarar ta kai kashi 10 cikin 100. Wani bincike na 2020 ya kwatanta sikila da wani ciwon huhu na gado da ya fi kama fararen fata. Kuɗin da gwamnati ta kashe a kan kowane mai ciwon huhun ya ninka na mai sikila fiye da sau 3.

An kafa ƙa'idodin daidaito domin gyara irin wannan. Amma a Janairun 2025 Shugaba Trump ya soke su, aka kuma yanke tallafin ɗaruruwan ayyukan bincike. Masu goyon bayansa sun ce cancanta kawai za a duba. Mu ma cancanta muke so, amma wa yake riƙe da ma'aunin?

Mu tuna da Katalin Karikó, wadda ta baro ƙasar Hangari zuwa Amurka a 1985. Saboda rashin tallafi, jami'arta ta rage mata matsayi a 1995. Aikin nan da aka raina shi ne ya zama tushen allurar rigakafin korona, har ta sami kyautar Nobel a 2023. Da ta fid da rai, asarar ta dukanmu ce.

Mu tsiraru mun san zafin a rufe wa mutum ƙofa tun ba a duba aikinsa ba. Roƙonmu ga masu rabon kuɗi shi ne su auna aiki da gaskiya, su riƙa bayyana waɗanda suka samu da waɗanda aka hana. Dattawa kuwa, mu ƙarfafa 'ya'yanmu, maza da mata, su karanci kimiyya, domin ciwon gidanmu ya sami mai bincikensa.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.